Yadda Za Ka Nutsar da Jiragen Maƙwabcinka Ka Karɓe Ruwan Safe

Ka bi matakan nan yadda na jera su, ni kuma na ɗaukar maka alkawari: cikin mako guda za ka zama babban hafsan sojan ruwa, ba tare da ka taɓa ganin teku ba. Hanyar tabbatacciya ce. An gwada ta sau ɗaya, a kan idona, a wasu gonakin rani tsakanin Kura da Bunkure, kuma ta yi aiki. Na san a jami'a an koya mana cewa gwaji ɗaya ba ya zama hujja, amma malaman da suka faɗi haka ba su ga fuskar wanda aka ci ba.

Mataki na 1: Nemo dalilin yaƙi

Magidanci ba ya shiga yaƙi haka siddan, ko da a waya ne. Sai da dalili.

A ce sunanka Ɗanbaba, kana da eka ɗaya ta tumatir da ka dasa kwana goma da suka wuce. A ce maƙwabcin gonarka sunansa Gidaɗo, mai albasa, kuma ƙaramar magudana ɗaya ce ke shayar da ku duka biyun. Talata da Asabar ake sako muku ruwa. Ba ya isar mutum biyu lokaci guda, don haka ɗaya ya sha da safe, sa'ad da magudanar ke cike tana gudu, ɗayan ya jira bayan azahar, sa'ad da mutanen sama duk sun buɗe nasu, abin da ke isowa kamar an matse tsumma.

Shekara goma sha biyar Gidaɗo na shan na safe, hujjarsa ita ce mahaifinsa ma da safe yake sha. Naka mahaifin ya rasu bai bar wasiyya a kan lokaci ba. Da can masara kake yi, ita kuwa ba ta da ƙorafi. Bana ka koma tumatir, kuma dashenka ya fara sunkuyar da kai tun da hantsi. In ya ƙara mako biyu a kan ragowar ruwa, sai dai ka sake dashe, ka kai kasuwa lokacin da kowa ya kai, lokacin da kwandon ya fi abin da ke cikinsa daraja.

To, ka samu dalili. Manyan ƙasashe sun gwabza a kan abin da bai kai wannan ba.

Mataki na 2: Sauke wasan

Je ka bakin babbar magudana, inda sabis ya fi ƙarfi, ka ɗaga wayar sama kamar mai neman jinjirin wata. Shiga inda ake sauke manhajoji, ka nemi wasan yaƙin jiragen ruwa. Za ka ga sun fi hamsin. Zaɓi wanda ka saba ganin Gidaɗo na dannawa a gindin mangwaro yayin da ruwa ke shiga albasarsa. Ba a yin yaƙi ɗaya a teku biyu.

Wasan zai nemi izinin sanin inda kake tsaye. Ba shi. Duk garin sun riga sun sani.

Zai kuma nemi suna. Kada ka sa Ɗanbaba, babu rundunar da za ta tsorata. Sa Guguwar Tiga, don dam ɗin da ruwanku ke fitowa. Gidaɗo ya riga ya ɗauki Zakin Teku, ko da yake ba a taɓa jin zaki ya yi wani abin kirki a cikin ruwa ba.

Mataki na 3: Fahimci yadda ake yi

Tekun mai kusurwa huɗu ne, gida goma a tsaye, goma a kwance. In ka taɓa yin dara a ƙasa, ka gama rabin karatun. Kowa da nasa tekun. Ba ka ganin na abokin gaba, ba ya ganin naka. Za a ba ka jirage biyar: babba mai cin gida biyar, mai bi masa mai huɗu, masu uku guda biyu, da ɗan ƙarami mai gida biyu. Ɗaya daga cikin masu ukun wai na ƙarƙashin ruwa ne, amma kada wannan ya burge ka, dukkansu can za su ƙare. Ka ɓoye su inda ka ga dama, a tsaye ko a kwance.

Daga nan sai harbi, bi da bi. Ka danna gida ɗaya a tekunsa. In ruwa ya fantsama, ka yi asarar makami. In wuta ta tashi, ka samu jirgi, sai a ƙara maka harbi ɗaya. Wanda ya fara nutsar da biyar ɗin ɗan'uwansa, shi ya ci.

Tsakanin wasa da wasa za a nuna maka tallan wani wasan da ya fi wannan kyau. Daure daƙiƙa talatin. Rabin aikin soja dama jira ne.

Mataki na 4: Kada ka bari a kira shi caca

Shugaban ƙungiyar masu ruwa ta yankinku, Malam Badamasi, yana da makarantar Islamiyya da gonar shinkafa da hawan jini, kuma kai da Gidaɗo kun je gabansa sau shida a kan maganar nan tun da aka fara dashe. Ku je na bakwai. Bar Gidaɗo ya kawo shawarar wasan da bakinsa. Zai kawo, don ya tabbata shi zai ci.

Malam zai cire tabarau ya ce, "Wannan ba caca ba ce kuwa?"

Ka ce, "Allah gafarta Malam, ai ba wanda ya sa ko sisi. Ƙuri'a ce, sai dai mai hayaƙi."

"Kuma wanda aka ci ba zai sake zuwar mini da maganar nan ba?"

Gidaɗo zai ce, "Sai dai gaisuwa, Malam."

"Gaisuwar ma ku riƙa yi daga nesa."

Zai auna fatawar da kwanciyar hankalinsa. Sannan ya yanke hukunci: ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gindin mangwaron da ke kan iyakar gonakinku, wasa ɗaya tak. Wanda ya ci, shi ke da ruwan safe har ƙarshen rani. Shi da kansa zai zauna shaida.

Mataki na 5: Yi atisaye, a ci ka

Kwana huɗu gare ka. Gidaɗo zai yi maka tayin gwaji, wai don hannunka ya saba. Karɓa. Zai ci ka a na farko, ya ci ka a na biyu. Kafin la'asar ɗin Laraba ya ci ka sau goma sha ɗaya a jere.

Ba cin ne abin damuwa ba, saurinsa ne. Kai kana ta jifan ruwa ba ka samu ko kwalekwale ba, shi kuwa harbinsa na biyu ya faɗa kan babban jirginka, daga nan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya kamar mai raba goron gayyata.

Ɗora laifin a kan sabis. Bayan wasa na biyar, mai da shi kan wayar. Bayan na takwas kana da damar fara tunanin ko yana da ɗan'uwa a kamfanin da ya ƙera wasan. Zargin asiri kuwa ka bar shi a ciki, kada ya fito.

Zai leƙo ta kan iyaka ya ce, "Guguwa, yau ma ba ki taso ba?"

Ka ce, "Ana shiri."

"To a gai da shiri. Tumatirinka dai na ga ya fara ruku'u."

Koma kan wayarka. Gaskiya ya faɗa.

Mataki na 6: Ci abincin rana a gida, da wayar a hannu

Wannan shi ne matakin da ya fi muhimmanci, kuma ba a cikin wayar yake ba. Ranar Alhamis ka koma gida da azahar. Matarka Khaulat, wadda ke turara shinkafa tana shanyawa a tsakar gida tana sayarwa, za ta ajiye maka kwano. Kai kuma kana jera jiragenka, karo na goma sha biyu. Za ta leƙo ta kafaɗarka.

"Baban Yusra, yaushe aka sa gonarka a waya?"

"Ba gona ba ce, teku ne. Waɗannan jiragen yaƙi ne."

"To tekun ya yi kama da gonarka. Ga dogon fangalin nan na bakin magudana. Ga na bayansa. Ga gajerun nan biyu. Wannan ɗan mitsitsin na kusurwa kuma ai inda kake zuba iri ne."

Ajiye cokalin ka dubi wayar da kyau. Layi biyar, duk a kwance, duk sun jingina da gefen hagu inda ruwa ke shigowa, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa gida ɗaya cif, daidai inda mutum zai bi da fartanya. An ba ka teku sukutum, amma sai da ka bar hanyar wucewa. Gidaɗo kuwa shekara goma sha biyar yana kallon wannan tsarin ta kan iyaka. Ba asiri yake yi ba. Gonarka yake harbi.

Kada ka ji kunya da yawa, ciwon na yankin ne gaba ɗaya. Mun taso a ƙasar da aka yanka da ma'auni tun kafin a haifi yawancinmu, magudana miƙe, fili miƙe, hanya miƙe. Mutumin da ya girma yana jan igiya kafin ya ja kunya ba ya iya ajiye abu barkatai, ko da ransa ne a kai.

Za ka so ka gyara da kanka. Za ka juya jiragen duka su koma a tsaye. Khaulat za ta sake leƙowa ta ce, "Yanzu kuma gonar ce in an tsaya daga titi."

Mataki na 7: Miƙa wayar

Da wuya, na sani. Miƙa kana kallon wani wurin.

Za ta goge hannu a zani, ta sa yatsa ɗaya, ta gama cikin abin da bai kai minti ba. Ɗaya can sama ta dama, ɗaya a tsaye a tsakiya, biyu sun kusa karo da juna, ƙaramin kuma a wani wurin da ba shi da dalili ko kaɗan. Idonka zai yi zafi.

"Wannan wane irin tsari ne?"

"Shanya. Ka bi inda rana take, ka kauce wa bakin rijiya, ka kauce wa hanyar kaji. Inda ya rage, nan ne wurinsa."

"Ai babu kaji a teku."

"Gidaɗo fa?"

Nemi kwalin maganin feshi ka zana tsarin a bayansa, don gobe ba za ta bi ka gindin mangwaro ba. Akwai wani maɓalli a wasan da ke watsa jiragen da kansa, na san da shi. Amma har yau ban ga manomin da ya yarda na'ura ta tsara masa fili ba.

Mataki na 8: Ranar Juma'a

Cika wayar da caji tun da safe. Mutum kamar ashirin za su biyo ku daga masallaci da manyan riguna, har da waɗanda ba su san me ake yi ba. Malam Badamasi zai sa kowannenku ya jingina da mangwaron ta nasa ɓangaren, ya kori 'yan kallo su koma bayansa, don ya san halin mutanensa da ƙifta ido.

Jera jiragen yadda aka zana maka. A nan hannunka zai ci amanarka. Za ka dubi babban jirgin can a dama shi kaɗai, ka ji ba za ka iya ba, ka jawo shi gefen hagu ka kwantar. Ban ba ka shawarar haka ba, amma na san za ka yi.

Gidaɗo zai fara, kuma nan take zai same shi. Harbi biyar, jirgi ya nutse. 'Yan kallo za su yi guna-guni. Sai ya tsallake gida ɗaya ya harba layi na gaba, ruwa ya fantsama. Zagaye na gaba ya sake tsallakewa, ruwa. Na gaba, ruwa. Za ka ji muryarsa ta bayan itacen.

"Ɗanbaba, sayar da gonar ka yi?"

"Haya na bayar."

Yanzu naka harbin. Kada ka bi gida-gida. Mafi ƙanƙantar jirgi gida biyu yake ci, don haka harba ɗaya ka tsallake ɗaya, kamar tazarar dashe. In wuta ta tashi, gwada gidajen da ke maƙwabtaka da wurin, gabas da yamma, kudu da arewa, har ka gane inda jirgin ya miƙe, sannan ka bi shi har ƙarshe.

Kuma ka tuna, Gidaɗo ma manomi ne, kuma shi bai je gida cin abincin rana ba. Mai albasa cunkusawa yake yi, kuma nesa da titi, saboda awaki da masu wucewa da dogon hannu. Nufi kusurwar ƙasa ta dama. Za ka tarar da jirage huɗu a matse kamar an ɗure su a buhu. Bi su a hankali.

Kafin ka gama da su ya daina neman gonarka, ya shiga harbin kan mai uwa da wabi, kuma harbin ba ya rasa sa'a. Zai nutsar maka da na tsakiya. Zai faɗa kan biyun nan da suka kusa karo, ya kwashe su tare. Sai a wayi gari kowa saura masa ƙaramin jirgi ɗaya, teku kuwa duk ya huje. Malam zai daina jan carbi. Tumatirinka na nan taku goma daga inda kake zaune, kana ganinsa.

Kada ka harba da sauri. Tambayi kanka: in Gidaɗo na da ɗan abin da ba ya son a lura da shi, ina yake ajiyewa? Ka sani. Akwai wani ɗan siririn fangali da yake ja a jikin iyakarku, wanda kowace shekara yake matsowa tafin hannu ɗaya zuwa wajenka. Harba layin sama, can gefe. Wuta za ta tashi. Saura gida ɗaya, ko hagu ko dama. Zaɓi ɓangaren da gonarka take.

Malam Badamasi zai duba wayoyin biyu, ya mai da tabaransa aljihu, ya ce, "Ɗanbaba ya ci. Allah Ya sa albarka. Kada in sake ganinku."

Kada ka yi tsalle. Ka ce sa'a ce kawai, da irin muryar da kowa zai gane ba haka kake nufi ba.

Mataki na 9: Karɓi ganima

Gidaɗo zai tashi ya kaɗe rigarsa, ya shiga 'yar bukkarsa, ya fito da shebur da lauje, ya ajiye a gabanka.

"Wannan fa?"

"Na mai ruwan safe ne. Daga ƙofar ruwa zuwa nan, taku ɗari takwas. Ciyawar kacalla ta cika wajen kwalbatin nan, ka fara da can. Da an sallame asuba ka taho, in ba haka ba ruwan zai riga ka."

Al'adar ke nan a kowace ƙaramar magudana: wanda zai fara sha, shi ke yashe hanya. Ka san da ita, ba wai ba ka sani ba. Ka san ta ne kamar yadda mutum ya san ana tsufa, abu ne da ke samun wasu. Kai da ke zuwa bayan azahar ka tarar da magudana fes, ka ɗauka haka Allah Ya halicce ta.

Ɗauki shebur ɗin. Mutum ashirin na kallo.

Mataki na 10: Sha ruwanka

Ranar Asabar ka naɗe wando har gwiwa ka shiga. Za ka fito da laka, da ledar ruwa da ta isa buɗe shago, da takalmi wari guda, da kacalla mai yankan hannu. Matsattsaku biyu za su kama ka a ƙwauri. Wajen taku na ɗari biyar bayanka zai fara ba ka labarin shekarunka.

Sannan a sako ruwan. Za ka ji ƙararsa kafin ka gan shi. Zai zo a cike, da sanyinsa, ya shiga fangalin farko ya wuce na biyu ba tare da ka roƙe shi ba. Kafin hantsi ya yi sosai dashenka ya fara ɗaga kai. Tsaya ka kalla, ka biya kuɗin kallon.

Abin da ba na so ka yi shi ne ka waiwaya. In ka waiwaya za ka ga Gidaɗo zaune a gindin mangwaro, wayar na aljihu, yana kallon albasarsa. Duk yankin nan ba wanda ya fi ka sanin abin da zai iso masa bayan azahar. Tun ɗazu kuma bayanka ya gaya maka wanda ya sa ɗan ragowar nan ma yake isowa gare ka, shekara goma sha biyar.

Ɗanbaban da na gani ya waiwaya. Saura awa ɗaya da rabi lokacinsa ya cika, ya ɗebi laka da shebur ya toshe bakin gonarsa, ya buɗe na maƙwabcinsa.

Gidaɗo ya ce, "Lafiya? Ai azahar ba ta yi ba."

"Tumatir ba ya son ruwa da yawa. Saiwar ke ruɓewa."

"Tun yaushe?"

"Binciken zamani ne. Ba za ka gane ba."

Gidaɗo ya dube shi, ya dubi ruwan da ke shiga albasarsa a guje, ya tashi yana naɗe wando. Sai da ya shiga fangali ya juya baya sannan ya ce, "Talata ka fara daga kwalbati, ni zan taho daga sama. Ba don kai ba. Shebur ɗin nake tausayi, ba ka iya riƙe shi ba."

Bara'a

Mai wannan rubutu ya cika alkawarinsa: ka ci yaƙi, ka karɓi ruwan safe. Abin da ya biyo baya ba hannunsa a ciki. In bayanka ya riƙe, ka nemi mai tausa, kada ka nemi ni. In magidantan layinku suka fara aiko matansu wajen Khaulat da wayoyi a ƙulle cikin mayafi, ku sasanta a gida. In tumatirin ya yi kyau kasuwa ta faɗi, wannan tsakaninka da masu motocin kudu ne. In kuwa ka samu kanka kana raba abin da ka ci da mutumin da ka ci, ka sake duba matakan nan daga farko har ƙarshe, ba inda na ce ka yi haka. Daga gida ka zo da wannan halin, kuma ban san maganinsa ba.